Tsohuwar da Ke Cikin Gidan da Muka Saya

Detroit, farkon Disamba

Zuwa ga yayata abar ƙaunata, Odessa,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Yaya Lemuel da duk mutanen gida. Ina roƙon Ubangiji ya ƙara miki ƙarfin jiki, ya sauƙaƙa wa Yaya Lemuel ciwon gwiwar nan, ya kuma ba shi haƙurin zama wuri ɗaya yadda likita ya ce, ko da yake na san wannan roƙon na ƙarshe yana da nauyi. Mu nan lafiya lau muke. Mijina Cleon ya rabu da tarin da ya dame shi, ya koma tuƙa motar kayansa. 'Yarmu Charmaine tana nan tana fama da aikin asibiti. 'Yarta Amari ta zubar da haƙoran gaba, kuma ta ce in gaya miki rigar sanyin da kika saƙa mata ta yi mata daidai, sai dai hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, amma ba ta damu ba.

Na san kin yi fushi da ni. Charmaine ta gaya mini kin kira ta kina tambaya ko ƙanwarki ta manta da lambar wayarku ta garin Mobile ne. Ban manta ba, Yaya. Ina ganin kiranki sai in kife wayar, don na san da kin ji muryata za ki gane akwai abin da ke cina, ni kuma ban iya yi miki ƙarya ba tun muna yara. Ban so in ɗora miki damuwata ga jinyar miji a hannunki. Yanzu hankalina ya kwanta, ina barci har da minshari in ji Cleon, shi ya sa na zauna in rubuta miki komai tiryan-tiryan. Labarin ya fi ƙarfin waya, musamman da kunnenki na hagu da sai an maimaita masa magana. Ki nemo tabaronki ki zauna.

Kin dai san mai gidan da muke haya ya sayar da ginin, sabon mai shi kuma ya ce kowa ya tattara nasa ya nasa kafin ƙarshen Nuwamba. Ni da Cleon muka zaga gari neman wata hayar, ko'ina muka je kuɗin ya fi ƙarfinmu. Shi ne na ce masa, tunda mun tsufa muna cika wa wasu aljihu, mu kwashi ɗan abin da muka tara mu shiga gwanjon gunduma, inda ake sayar da gidajen da aka ƙwace saboda harajin da ya taru a kansu. Ke ma kin san tsarin. Ba a barin mutum ya shiga ya duba, daga titi za ka leƙa, ka yi tayi ta intanet, in ka ci kuma duk abin da ka tarar a ciki naka ne, ko ɓeraye ko rufi mai yoyo. Muka zaɓi gida biyu da muka gani da idonmu, an toshe tagoginsu da katako, ciyawa har gwiwa, ko makaho ya san babu kowa a ciki. Ranar gwanjo masu manyan aljihu daga wasu jihohi, waɗanda ko sanyin garin nan ba su taɓa sha ba, suka kwashe duka biyun muna kallo. Na tashi in sha ruwa don baƙin ciki. Kafin in dawo, mijin ƙanwarki ya danna tayi a kan wani gida da bai taɓa gani ba sai a tsohon hoto, kuma babu wanda ya ƙara a kan tayinsa. Na ce, "Cleon, me ka aikata?" Ya ce, "Gida na saya miki, mata, ki ce an gode." Na ce masa godiyar tana nan tafe, mu ga gidan tukuna.

Washegari da safe muka tafi. Gidan yana gabashin gari, a wani layi da rabin gidajensa sun zama fili. Na jan bulo ne, bene mai hawa ɗaya, da baranda a gaba. Tun kafin Cleon ya kashe mota gabana ya faɗi. An aske ciyawa tas. Ga labule fari a tagogi, ga tukwanen furanni a kan matakala, ga kujera mai lilo da ɗan bargo a ninke a kanta, ga silifas na mace a bakin ƙofa, ga wata tsohuwar mota ruwan ƙasa a gefe. Da na hau barandar sai na ji rediyo a ciki, ƙasa-ƙasa, ana waƙoƙin coci. Na ƙwanƙwasa, shiru. Na sake, shiru. Sai ga wani dattijo dogo daga tsallaken titi, da tsintsiyar share ganye a hannu, ya zo ya tsaya a ƙasan matakala yana yi mana kallon ɓarayi. Daga baya na san sunansa Thaddeus. Ya ce, "Lafiya, bayin Allah? Mama Idella tana barci, ba a tada ta da safe." Cleon ya fara yi masa bayanin gwanjo, dattijon ya katse shi ya ce shi bai san gwanjo ba, abin da ya sani tsohuwa ce mai hawan jini, in muka firgita ta muka kashe ta, da bakinsa zai ba da shaida. Muka koma mota jiki a sanyaye.

Da takardar mallaka ta iso da sunayenmu a jiki, muka kai ta wurin wata lauya da ke taimaka wa mutane kyauta a cocinmu. Ta duba ta ce gida namu ne, babu tantama, amma muddin akwai mai numfashi a ciki ba mu da ikon canza ko kwaɗo ɗaya. Sai mun ba da sanarwa, mu je kotu, alƙali ya yanke, sannan ma'aikatan kotu su zo su fitar da kaya, kuma abin zai iya kai mu tsakiyar sanyi. Ta ce wasu kan ba na ciki ɗan kuɗi ya miƙa mabuɗi ya tafi salin-alin. Na ce mata tsohuwa ta tafi ina? A nan rigimarmu da Cleon ta fara. Shi yana cewa doka ta ba mu, ba mu muka hana ta biyan haraji ba, in ba mu yi da gaske ba mu ne za mu kwana a mota. Gaskiyarsa ce, ban musa ba. Amma Yaya, ke kina wurin ranar da aka fitar da kayan Mama bakin titi muna ƙanana. Kin tuna katifarta a kan dusar ƙanƙara, da yadda ta zauna a kan akwati ta rungume tukunyarta, mutane suna wucewa suna kawar da kai. Ni ce zan tsaya a titi ina kallo ana yi wa uwar wani haka da sunana a takarda? Na ce wa Cleon ya ba ni lokaci in ga matar ido da ido tukuna.

To, ganin nata ne ya gagara. Duk ranar da na je da wani sabon labari. Yau an kai ta asibiti awon jini. Gobe tana wanka. Jibi jikarta ta ɗauke ta sun tafi kasuwa. Wata rana Baba Thaddeus ya ce tana ciki amma ba ta buɗe wa baƙi tun da wani mai tallar inshora ya yaudare ta. Kuma alamu duk suna nan. Labule yakan canza daga fari zuwa mai furanni, mota yau tana fuskantar titi gobe tana fuskantar gida, ranar kwasar shara kwandonta yana bakin hanya tare da na kowa. Na ce bari in bi ta hanyar ciki. Na gasa kek ɗin dankali irin na Mama, na naɗe, na ajiye a kan kujerar lilo da ɗan saƙo cewa ni ba maƙiyiya ba ce, magana kawai nake so mu yi. Da na dawo na tarar da farantina a wanke fes. Zuciyata ta yi fari, na ce wa Cleon ka gani, ta ci, ta fara saukowa. Na kai ganye da naman talotalo, na kai burodin masara, na kai kaza. Kullum faranti ya dawo a wanke, amma ƙofa ko motsi. Cleon ya ce shi da ya sayi gidan ko ƙashin kaza bai samu ba, wadda ta hana shi shiga kuwa har ta fara ƙiba.

Wadda ta fi ba ni wuya ita ce maƙwabciyar gidan ta hannun dama, Mama Earline. Gajeruwa ce, ta haura saba'in, da sanda a hannu da murya mai kai wa ƙarshen layi. Ita ce shugabar layin ba tare da kowa ya naɗa ta ba. Duk zuwan da zan yi tana barandarta a zaune, ta sa mini ido tun daga fitowata mota har komawata. Rannan na gaishe ta da ladabi, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Au, ku ne masu sayen gidajen mutane ta kwamfuta? Sannunku da ƙoƙari. Wa ya aiko ki, 'yar nan? Faɗa mini sunan ubangidan naki." Na ce babu wanda ya aiko ni, ni da mijina muka saya don mu zauna. Ta yi wata 'yar dariya ta ce kowa haka yake cewa, har wanda ya zo da kwat da jaka bara haka ya ce. Raina ya ɓaci, kin san bakina, amma na tuna sa'ar uwata ce na haɗiye. Na koma mota na zauna ina huci.

Ana cikin haka lokaci yana ta tafiya. Kayanmu duk sun shiga kwalaye, muna cin abinci a tsaye don an naɗe teburi. Charmaine ta ce mu zo wurinta, amma ɗakinta ɗaya da falo, ga yarinya, kuma mai gidanta ba ya yarda da ƙarin mutane. Abin da muka tara duk ya shige gidan da ko zaurensa ba mu taka ba. Na rame, Yaya, siket ɗina na coci sai da na sa masa fil. Da sanyin farko ya sauko, Cleon ya zaunar da ni ya ce ya yi haƙuri iya haƙuri, ranar Litinin zai je kotu ya shigar da ƙara, in so in yi fushi da shi a cikin gida mai rufi. Ban yi masa gardama ba. Na ce ya bar mini Lahadi kawai. A coci ban ji ko kalma ɗaya ta wa'azi ba, ina ta juya abin a raina, har na tsayar da shawara. Na gaya wa Cleon a mota. Ya tada mota ya ce, "Ke dai ba ki da dama, Vernetta. Mu je."

Ban ko cire hular coci ba muka wuce layin. Wannan karon ban taɓa ƙofar Mama Idella ba, kai tsaye na hau barandar Mama Earline. Ta ce yau kuma da me aka zo. Na ce, "Mama, saƙo zan ba ki ki kai mata, tunda ni ba ta son ganina." Na ce ta gaya mata babu kotu, babu mai taɓa mata ko cokali. Ta zauna a ɗakinta na ƙasa har ranar da Ubangiji zai kira ta, mu za mu hau sama, ba ma neman ko sisinta. Na ce na yi shekaru ina aikin kula da tsofaffi, na iya wanka, na iya ba da magani, na iya dafa abin mai hawan jini. In rediyonta take so, ta kunna har safe. Abu ɗaya nake roƙo, ta buɗe mana mu shigo kafin dusar ƙanƙara ta rufe gari, don wallahi ba mu da inda za mu.

Mama Earline ta dube ni. Ta cire tabarau ta goge da bakin riga, ta mayar, ta sake cirewa. Can sai ta buga sandarta a ƙasa ta ƙwala kira tsallaken titi, "Thaddeus! Zo nan, tsohon makwaɗaici, zo ka ji abin da cikinka ya jawo mana!" Dattijon ya taho yana jan ƙafa. Ta nuna mini kujera ta ce in zauna don maganar ba ta tsaye ba ce. Sannan ta ce, "'Yata, Idella ta rasu. Shekara ta uku ke nan. Ni na zaɓa mata rigar da aka binne ta da ita." Yaya, ban san lokacin da na ce, "To wa yake cin kazata?" ba. Baba Thaddeus ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji ya ce, "Ni ne, 'yata, Allah ya ba ki haƙuri. Amma kek ɗin nan na dankali, tun rasuwar matata ban ci irinsa ba." Cleon ya jingina da ginshiƙin baranda yana dariya har da hawaye. Ni kuwa na rasa ko in yi dariya ko in yi kuka ko in ɗauki sandar Mama Earline in bi su da ita.

Sai Mama Earline ta warware mini komai. 'Ya'yan Mama Idella suna can California, sun zo jana'iza suka koma, babu wanda ya ƙara waiwayar gidan, haraji ya yi ta taruwa. Ta nuna mini filin da ke hannun hagu, inda sai ciyawa da guntun matakala, ta ce nan ma gida ne da, mai kyau. Da mai shi ya mutu aka yi gwanjonsa, wani da ba su taɓa gani ba ya saya ya bar shi a rufe. Cikin ɗan lokaci ɓarayin ƙarfe suka gane babu kowa, suka shiga suka yashe bututun jan ƙarfe da wayoyin wuta da injin ɗumama gida, daga baya wasu suka mai da shi maɓoya, ƙarshe wuta ta cinye shi, har ta lashi gefen rufin Mama Idella tana raye. Shi ya sa ranar da suka dawo daga binne Mama Idella suka zauna su tsofaffin layin suka ce wannan gidan ba zai mutu ba. Suka raba aiki. Baba Thaddeus ne da ciyawa da kwandon shara. Mama Earline ce da labule da furanni da batirin rediyo. Motar nan kuwa ko inji babu a cikinta, su uku suke taruwa su tura ta su juya mata fuska, da ita da shi da wani tsohon ma'aikacin gidan waya mai ciwon baya. Duk baƙon da ya zo yana tambaya, amsa ɗaya ce, Mama Idella tana barci. Ta ce sun kori mutane da yawa da wannan barcin, kuma da suka ji an yi gwanjo suka ɗauka ni 'yar aiken irin wancan mai sayen ce, an turo ni da faranti in leƙo musu asiri. Ta ce, "Amma wadda za ta yi wa tsohuwar da ba ta taɓa gani ba wanka, ba 'yar aiken kowa ba ce." Na ce mata duk da haka sun ci amanar barcina, kuma ban yafe kazar ba tukuna.

Ta sa hannu cikin wuyan rigarta ta jawo wani zare, ga mabuɗi a jiki. Ta ce in buɗe da hannuna. Na ce Cleon ya buɗe tunda shi ya yi ɓarnar, ya ce a'a, ni na sha wahalar. Ƙofar ta ɗan yi gardama sannan ta buɗe. Warin rufaffen gida ya tarye mu, ga sanyi, ga ɗan rediyon a kan kujera kusa da taga yana ta waƙarsa shi kaɗai. Cleon bai tsaya kallon komai ba, ya sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa da fitila, ni kuma na tsaya a bakin matakala na dafe ƙirji, don duk wanda ya sayi gidan gwanjo a garin nan ya san a can ake samun mugun labari. Sai na ji ya ƙwala ihu, "Vernetta, komai yana nan! Injin yana nan, bututu yana nan, ko ƙusa ba a cire ba!" Baba Thaddeus ya ce ai tun sanyin farko bayan rasuwar Mama Idella ya rufe ruwa ya tsiyaye bututun don kada ƙanƙara ta fasa su. Na zauna a kan matakala da hular coci a kaina na yi kuka mai isata, irin wanda na daɗe ina dannewa. Mama Earline ta zauna kusa da ni da ƙyar, tana bubbuga bayana tana cewa ya isa haka, kada in jiƙa mata katakon da ta sha wahalar gogewa.

Kada ki zaci aljanna muka shiga. Rufin ɗakin baya yana yoyo, silin ya zubo a kusurwa, kicin yana son sabon daɓe, kuma wata dabba ta yi sheƙa a cikin bututun hayaƙi, sai da aka kira mai fitar da ita. An yi mana jeka-ka-dawo kafin a maido da ruwa da wuta. Lauyar ta ce in muna so mu sayar wata rana sai mun koma kotu an tabbatar babu wani mai da'awa a kan gidan, na ce mata wanda zai sayar ba a haife shi ba. Hotunan Mama Idella da Littafinta Mai Tsarki da kwanukanta na ado muka shirya su a kwali, Mama Earline ta nemo adireshin babbar 'yarta muka aika. Na daɗe ina kallon hoton matar kafin in rufe kwalin. Doguwa ce mai faɗin goshi, da alama ba ta ɗaukar raini, kuma na ji kamar na yi rashin wadda na sani. Muka tare ana saura kwana kaɗan wa'adinmu ya cika. Bikin Godiya na ƙarshen Nuwamba a nan muka yi shi, a kan teburin da aka ɗora bisa kwalaye, da mu da su Charmaine da tsofaffin layin gaba ɗaya. Baba Thaddeus ya ci kek har sau uku, wannan karon a gabana. A wurin ne na ce wa Cleon an gode, a gaban shaidu, amma na gargaɗe shi kada ya ƙara taɓa kwamfuta in ba na kusa.

Shekaranjiya da hantsi ina goge taga sai ga Mama Earline da sandarta, ko sallama ba ta gama ba ta ce in sa riga in biyo ta. Muka taka har ƙarshen layi, ta tsaya a gaban wani ɗan gida mai launin toka. Ta ce mai shi, wani dattijo, 'ya'yansa sun ɗauke shi zuwa gidan kula da tsofaffi a watan jiya, kuma da wuya ya dawo. Ta ce, "Kin huta haka nan. Tunda kin zama 'yar layi, ke ce da baranda. A ga alamar namiji a gidan, kuma ki riƙa canzawa, ɓarayin nan ba wawaye ba ne." Na tambaye ta in wani ya zo yana tambaya me zan ce. Ta dube ni kamar na yi tambayar yara ta ce, "Yana barci mana." Na ce na ji, amma da sharaɗi ɗaya, duk wanda ya zo da faranti a kira ni in yi masa tambayoyi da kaina kafin a sa shi rama. Ta ce ta yarda. Jiya na kwashi tsofaffin takalman aikin Cleon da rigarsa ta ruwa na kai na jera a can, na share dusar ƙanƙarar matakala, na tattaka ta da takalman don a ga sawu. Ina dawowa wata mota ta rage gudu a gaban gidan, na tsaya na sa mata ido har ta wuce. Yaya, da kin ga irin kallon da na yi wa motar nan, da kin rantse a layin aka haife ni.

Ki gaishe mini da Yaya Lemuel, ki ce masa ya bi maganar likita ko don ya samu ƙafar hawa matakalata. Ki gaida Gwaggo Luella, ki karanta mata wannan takarda da ƙarfi, amma ki tsallake wurin da na ce na rame, kada ta aiko mini da maganin gargajiyarta. Ina gaida 'yarki Delphine da mijinta da yara, da mutanen cocinku da suka sa mu a addu'a ba tare da sun san takamaiman abin da suke roƙa mana ba. Cleon yana gaishe ku, Charmaine da Amari ma haka. Ɗakin sama mai kallon gabas naki ne, na riga na sa masa gado, sai ki zo da bazara in sanyi ya wuce. In kin iso kika ga takalman Cleon a ƙofar wani gida a ƙarshen layi, kada ki zaci na kore shi. Ki wuce kawai zuwa gidan jan bulo, ki ƙwanƙwasa da ƙarfi, akwai mutane a ciki kuma za a buɗe miki.

Ubangiji ya tsare mana ku, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taki har kullum,
ƙanwarki Vernetta